Kuɗin Gyara a Hawa na Huɗu

Tun yana kan matakala ta ashirin Iya ta gane tafiyarsa. Takalminsa na hagu yana da wata ƙara irin ta wanda aka yi wa faci da taya, kuma shi kaɗai ne yake hawa benen nan yana nishi kamar an ɗora masa buhu. Ta rage wutar risho, ta jera kofi biyu a faranti, ta koma kan kujera tana ƙirge a zuci. Talatin da biyu, zai tsaya ya yi tari. Ya tsaya, ya yi. Arba'in da takwas, inda ƙarfen dafawa ya ƙare, zai koma dafa bango. Sittin da huɗu, ƙofarta.

"Iya, kina da rai?"

"Da na mutu ai da tun daga ƙasa ka ji wari. Shigo, Ɗan Wata."

Ita ta laƙaba masa sunan, don ba a ganinsa sai wata ya kama. Ma'aikacin wakilin mai gidan hayar ne, shi ke bin ƙofa-ƙofa yana karɓar kuɗin gyara. Ya ba arba'in baya, furfura ta fara leƙo masa a gemu, rigarsa kullum a goge amma wuyanta ya sha jiki. Ya ajiye jakarsa, ya zube a kan tabarma, ya miƙe ƙafafu.

"Benen nan zai kashe ni."

"Sau ɗaya a wata kake hawa kana kuka. Mai gidana sau goma yake hawa a yini, da akwatin ƙarfe a kafaɗa."

"Mazan da ai daban ne, Iya."

"Kuɗin da ma daban ne. Nawa ne yau? Ko ya sake haihuwa?"

"Yana nan yadda yake."

Ta kwance bakin gyalenta ta ƙirga masa dubu uku, ta sake ƙirgawa, sannan ta miƙa. Kuɗin haya daban ne, wannan ɗanta ke biya shekara-shekara daga can garin da yake aiki. Kuɗin gyara kuwa na wata-wata ne, kuma a baki an ce na abu huɗu ne: injin da ke tura ruwa tanki, fitilar matakala, kwashe shara, da albashin mai gadi. Injin ya mutu wata talatin da ɗaya ke nan. Fitila ta bi shi. Mai gadi ya gaji da jiran albashi ya naɗe tabarmarsa. Shara kuwa akuyoyin unguwa ke kwashe abin da suka iya. A duk gidan kuɗin ne kaɗai bai taɓa lalacewa ba, har girma ya yi sau biyu.

Ɗan Wata ya ɗora littafi a gwiwa ya rubuta, ya sa hannu, ya yago mata rasit. Iya ba ta san baƙi ba, amma ta san takarda. Ta ɗauko wata doguwar ƙusa da aka kafa a kan guntun katako, ta soke rasit ɗin a kan 'yan uwansa. Haka mai gidanta yake yi da takardun kayan aiki, haka ta gada.

"Talatin da takwas," ta ce.

"Ke dai ko banki albarka."

"Kada ka haɗa ni da ɓarayi. Watan jiya yaron nan ya turo min dubu ashirin, mai shagon ƙasa ya je ciro min, ya dawo babu ɗari da hamsin. Wai kuɗin kula da asusu. Na ce wanka suke yi wa kuɗin ko tausa?"

Ya yi dariya har ya ƙware. Ta zuba masa shayi, ya sa sukari cokali uku, ta gani ta kau da kai kamar kullum.

"Ai ko'ina haka ne," ya ce. "Makarantar 'yata duk zango sai mun biya kuɗin gyara, amma in hadari ya haɗo malami cewa yake kowa ya ɗage littafinsa. Ƙanina da ke da rumfa a kasuwa ana karɓar nasa duk mako, kwata kuwa a ƙofarsa take kwana."

Daga nan hira ta ɓalle. Ya ba ta labarin ƙasa kaf: tela ya sayi keken ɗinki mai amfani da wuta a gidan da ba wuta, direban hawa na uku sun yi faɗa da matarsa har ta jefo masa takalmi ta taga, an buɗe wurin aski a bakin titi. Ta tambayi jikin matarsa mai ciwon ƙirji, ta faɗa masa abin da zai dafa mata. Sai da rana ta taso daga bakin taga ta iso gefen tabarma sannan ya tashi, ya kaɗe wando.

"Sai wani watan, Iya."

"In da rai."

Ta saurari takalmin yana sauka har ƙarar ta ɓace. Sannan ta wanke kofi ɗaya ta kife a inda zai yi kwana talatin.

* * *

Da can babu wani abu wai shi kuɗin gyara a gidan. Mai gidanta mai gyaran famfo ne, Mai Sifana ake ce masa, kuma shekara ashirin da shida da suka yi a nan ko ƙofa ce ta yi ƙara sai ya tashi ya ɗiga mata mai. Shi ya kafa injin ruwan da hannunsa. Ba ya karɓar ko sisi a wurin maƙwabta, sai dai a aiko da kwanon abinci, ita ma ta mayar da kwanon ba wayam ba. A lokacin ƙofarta ba ta rufuwa. Mata na hawowa aron turmi su manta da turmin su zauna hira.

Da ƙasa ta rufe masa ido, mai gidan hayar ya tafi wata ƙasa wurin 'ya'yansa, ya bar gidan a hannun wakili. Wakili ya kawo kuɗin gyara. Wata bakwai da farawa injin ya yi shiru. Tsofaffin maƙwabta suka tashi ɗaya bayan ɗaya, sababbi suka shigo, irin waɗanda ke fita da duku-duku su dawo a gajiye su rufe ƙofa. Ɗakin da ke kallon nata rufinsa na yoyo, ba wanda ya sake kama shi. Sai ya zama ita kaɗai ce a hawa na huɗu, ita da tantabarun da ke kwana a kan tanki.

Ƙarfen dafawa na hawan ƙarshe ya ci tsatsa ya karye, aka cire shi aka ce za a kawo sabo. Gwiwoyinta kuwa sun daɗe da daina yi mata biyayya. Rabonta da taka ƙasa shekara biyu.

Amma ba ta rasa dabara ba. Tana da kwando da igiya. Da safe ta zura ta taga da kuɗi a ciki, ta ƙwala wa mai shago kira, ya zuba mata abin da take so, ta jawo. Ruwa ne kaɗai kwando ba ya ɗauka. Wannan sai mai ruwa, wani dattijo marar magana, da ke hawo mata da jarka biyu duk bayan kwana biyu. Ya ce sannu, ta ce yauwa, ya juye, ya karɓi kuɗinsa, ya ce sai jibi. Ta taɓa ƙirga maganarsa a wata guda, ba ta kai ta Ɗan Wata kafin ya shanye rabin kofi ba. Duk da haka mutum ne, yana da ƙafa, yana da inuwa, kuma ƙofar tana buɗewa saboda shi.

Ɗanta na kira ƙarshen mako.

"Iya, kuɗin sun shigo?"

"Sun shigo, an gutsira."

"Ba komai. Akwai abin da kike bukata?"

Takan duba ɗakin, ta duba kujerar ubansa, ta ce babu. Yaro mai biyan haya ba a kai ƙararsa.

Iya ba wawuya ba ce. Ta san dubu ukun nan ba injin suke zuwa ba. Amma a lissafinta ba asara take yi ba. Wani na biyan kuɗin mota ya je ganin dangi, ita tana biya a hawo a gan ta. Wannan lissafin ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko kanta ma ba ta cika faɗa wa da rana tsaka ba.

* * *

Kwana tara da kama wata, da la'asar, ta ji tafiyar da ba ta sani ba. Mutum biyu. Suka wuce arba'in da takwas ba su tsaya ba. Ta ɗauka saƙon mutuwa ne.

Malamar asibiti ce ta hawa na biyu, da farar rigarta, da direban nan na ƙasanta. Ta san su ta taga, ta san tsakiyar kansu fiye da fuskarsu.

"Sannu Iya. Mun same ki lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ɓatan hanya kuka yi?"

Direba ya sosa ƙeya. Malama ta yi murmushi ta zauna a bakin tabarma, ba ta ajiye jakarta ba.

"Iya, ki yi haƙuri, aiki ne ya yi mana yawa. Magana ce ta kawo mu. 'Yar mai gida ta zo gari. Mun same ta da maganar ruwa, sai wakili ya ce mata wai mu ne ba ma biya, shekara biyu ba a ba shi ko kwabo ba. Har yana cewa a tashe mu a zuba wasu."

"Ƙarya yake."

"Mun sani. Amma ta ce mu kawo shaida kafin ta koma, ran ashirin ga wata. Mun bi ɗaki goma sha ɗaya, rasit biyar muka samu, biyu ma sun sha mai."

"Ni nawa yara sun yi jirgi da su," in ji direba. "Wa zai ajiye wannan 'yar takardar? Mai shago ne ya ce mana ke ba kya yar da komai."

Iya ta miƙa hannu bayan akwati ta ɗauko ƙusar ta ajiye a gabansu. Farare goma sha biyu a ƙasa, na lokacin dubu ɗaya. Ruwan ɗorawa goma sha huɗu, na dubu biyu. Shuɗaye goma sha biyu a sama. Malama ta kai hannu, Iya ta janye.

"In na ba ku, me zai faru?"

"A kori wakili, a gyara inji. Ke ma ki huta da sayen ruwa."

"Mai karɓar fa?"

"Wannan ɗan koren? Ai tare za su tafi," in ji direba. "Abokin ɓarawo ɓarawo ne."

"Ku sha shayi."

"Wallahi Iya ina da aikin yamma," malama ta ce tana duba agogo.

"To ku je. Zan yi tunani."

"Tunanin me, Iya? Haƙƙinki ne fa."

"'Yar nan, matakala nawa kika taka kafin ki iso nan?"

Malama ta dubi direba. Ba wanda ya sani.

"Ku je, na ce zan yi tunani."

* * *

Magana ba ta kwana a gidan haya. Kwana uku bayan nan ta ji ƙarar takalmin hagu, a tsakiyar wata, abin da bai taɓa faruwa ba. Bai tsaya tari a talatin da biyu ba. Bai tambaya ko tana da rai ba. Ya yi sallama a hankali ya shigo da leda a hannu, ya ajiye a gabanta. Sukari ne, babban ƙunshi.

"Wata ya yi ɓari ne?" ta ce.

Bai yi dariya ba. Ya durƙusa, bai miƙe ƙafa ba.

"Iya, an ce sun zo wurinki."

"Sun zo."

"Ki ce musu sun ɓace. Ko ki ce ɓera ya ci. Wa zai ƙaryata ki?"

"Ɓeran gidan nan ba takarda yake ci ba."

"Iya, ki dubi Allah. Duk takardun nan sa hannuna ne a jiki. Wakili ko ɗigo bai sa ba. In abu ya fashe cewa zai yi ni na cinye. Ɗaya cikin goma yake ba ni, wallahi ɗaya cikin goma. Da shi nake sayen maganin uwar yara."

Ta dube shi. Wuyan rigar nan da ya sha jiki. Wata talatin da takwas yana zama a wurin nan. Shi ya fara gaya mata an haifa wa ɗan ƙanwarta 'yan biyu, don ya ji a tasha. Shi ya taɓa sa mata zare a allura guda shida ya jera mata a jikin labule, don kada ta rasa kafin ya dawo.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da ka fara ganin mai ruwa na hawo min da jarka, ka san inda kuɗin ke zuwa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka sani ke nan."

"Kowa ya sani, Iya. Ke ma kin sani."

Wannan ta shige ta, don gaskiya ce.

"In na rasa aikin nan," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ba ni da dalilin shigowa gidan nan kuma. Direba ya ce in ya sake ganina a matakala sai ya karya ni."

Bai ce wa zai hawo wurinki ba. Bai bukaci ya ce ba. Ta ji shi sarai.

Ta jawo ledar ta auna a hannu.

"Nawa ka saya?"

"Haba Iya, kyauta ce."

"Kyautar da ta zo da roƙo a bayanta ciniki ce. Nawa?"

Ya faɗa. Ta kwance gyale ta ƙirga ta ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallon kuɗin kafin ya ɗauka. Ta ce ga ruwa a wuta, ya ce ya gode, yana da wurin zuwa. Ta ƙirga saukarsa. A arba'in da takwas ya tsaya, ta kasa kunne, sai ya ci gaba.

Kwana biyar ƙusar na zaune a gabanta. Ta yi lissafi ta gaba, ta yi ta baya. Idan ta riƙe, ƙarya ta ci, a watsa kayan mutum goma sha ɗaya a titi, da yaransu. Idan ta bayar, ta san abin da ta sayar. Tun tana yarinya ba ta kwana da na kowa, kuma ba ta barin nata a hannun kowa. Yanzu ga ruwan wata talatin da ɗaya tana bin gidan nan, ga injin da Mai Sifana ya kafa yana tsatsa ana cewa ba a biya ba. Ita da ta biya har da ranar da zazzaɓi ya hana ta tashi, ta miƙa daga kwance.

Da mai ruwa ya zo ta gwada shi.

"An ce za a gyara inji. Ka ga cinikinka ya mutu."

Dattijon ya sauke jarka, ya murza kafaɗa, ya yi maganar da ta fi kowacce tsawo tun da ta san shi.

"Gidajen da ba ruwa sun yi yawa, Iya. Na ƙasa ma sun ishe ni. Da na huta da hawan nan."

Ta biya shi. Ba laifinsa ba ne, kafaɗarsa ce.

Ran sha tara ga wata da safe ta dafa shayi, ta jera kofi uku ko da malama za ta zo da direba. Ta leƙa taga ta hango ta tana fita da sauri.

"'Yar nan! Zo ki karɓa."

Malama ta ɗaga kai, ta tafa hannu don murna.

"Allah ya saka, Iya! Sa min a kwando, na makara."

Iya ta tsaya da igiya a hannu. Sannan ta ɗora ƙusar a kwando, ta rufe da tsumma don kada iska ta taɓa, ta zura a hankali. Ta ji lokacin da nauyin ya bar igiyar. Kwandon ya dawo ba komai.

* * *

An kori wakili, an kori Ɗan Wata. Mai shago ya ce mata ba a kai shi wurin hukuma ba, 'yar mai gida ta ce ya je shi da Allah. An ce an gan shi a tasha yana rubuta wa masu mota tikiti. An ce matarsa tana asibiti. Duk an ce ne, daga ƙasa, da ihu, rabi iska ta kwashe.

Mako biyu bayan nan, tana zaune, famfon da ke kan kwamin wanke-wanke ya yi tari kamar tsoho, ya tofar da jan ruwa, ya sake tari, sannan ya saki fari tas. Daga ƙasa ta ji yara na tsalle, mata na shewa. Ta tara hannu ta sha. Ruwan mai gidanta ne, ta san ɗanɗanon tankin. Ta juya don ta ce wa wani ya zo ya gani.

Masu haya suka kafa kwamiti, malama ce shugaba. Aka rage kuɗin gyara zuwa dubu biyu, aka sa fitila, aka kawo mai gadi, aka shafa wa gaban gidan fenti. Aka aiko mata da sabulu sanda uku a kwando, na godiya. Ta tambayi maganar ƙarfen dafawa.

"Yana cikin lissafi, Iya," malama ta ce daga ƙasa. "Sai dai kin ga mutum ɗaya ne ke amfani da wannan hawan. Bari mu gama da na jama'a tukuna."

Ƙarshen mako ɗanta ya kira, muryarsa cike da fara'a.

"Iya, an turo min lambar asusun kwamiti. Daga yanzu ni zan riƙa tura kuɗin gyara ta waya. Ba wanda zai sake hawowa ya dame ki."

"Rasit fa?"

"Yana zuwa a wayata. Kin huta."

"Na huta," ta ce.

* * *

Ran ɗaya ga watan da ya biyo bayan gyaran, jikinta ya riga hankalinta tashi. Kafin ta tuna, ruwa na kan risho, kofi biyu na kan faranti. Ta tsaya tana kallonsu. Ba ta mayar ba.

Da hantsi ta ji tafiya. Sha shida. Talatin da biyu, ba tari. Arba'in, arba'in da biyar, arba'in da takwas. Makulli ya yi ƙara, ƙofar direba ta buɗe ta rufe.

Rana ta taso daga bakin taga, ta iso gefen tabarma, ta haye, ta wuce. Kwana ashirin da uku ke nan, tun da mai ruwa ya daina hawowa, ba a taɓa ƙofarta ba. Ta ƙirga, don ba ta iya barin ƙirga.

Ta jawo akwatin ƙarfen mai gidanta daga ƙarƙashin gado. Murfin ya yi ƙara, ƙamshin tsohon mai ya taso, sai ta ji kamar yanzu zai yi gyaran murya a bayanta. Shekara ashirin da shida tana riƙe masa tocila, ta san sunan kowane ƙarfe da aikinsa. Ta ɗauki sifana mai jan hannu, wadda wurin riƙonta ya sha tafinsa har ya yi santsi.

Durƙuson ya ɗauke ta lokaci. Ta dafa kujera, ta dafa bango, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar. A ƙarƙashin kwamin akwai noti inda bututu ya shige ƙasa, daidai saman ɗakin direba. Mai Sifana yakan ce rabin juyi ya isa a ɗaure abu. Ta sa sifana, ta haɗa hannu biyu, ta yi rabin juyi ta ɗaya ɓangaren, na sassautawa.

Ɗigo ya taru a bakin notin, ya yi nauyi, ya faɗi. Wani ya biyo shi. Ta ɗauke bokitin da ke wurin ta ajiye gefe. Ruwan ya bi jikin bututu, ya sami tsagar siminti, ya shige.

Ta goge sifana ta mayar, ta tura akwatin. Ta san kuɗin fentin rufin ɗaki ɗaya, ta ji mai shago na faɗa ranar da ake shafe gaban gida. Ta kwance bakin gyale ta ƙirga, ta ƙara na mai shafawa, ta sake ƙirgawa. Ta naɗe kuɗin fentin ɗakin direba ta danne da kofi na biyu.

Sannan ta zare sakata, ta bar ƙofar a sage, ta mayar da ruwa kan wuta, ta ajiye sukari da cokali kusa da tabarma. Ta zauna tana fuskantar matakala. Daga ƙofar direba zuwa tata, sha shida ne kawai.